Tukunyar da Larai Ta Saya wa Jikata

Gaya, 9 ga Nuwamba, 1975

Malam Bappa,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka taimake ni da shawara, ko da yake ni ba mai yawan neman shawara ba ne, kuma ban cika ganin abin da ta tsinana wa mutane ba. Tun shekarar 1953 nake riƙe da wata mata a raina. Yayata ce, uwarmu ɗaya. Na ɗauka zan shiga kabari da abin ba tare da ya dami kowa ba sai ni, sai ga shi yanzu ya shiga tsakanina da yarinya 'yar shekara tara, wadda ita kaɗai ta rage mini cikin zuriyata. Kada ka buga sunana. Sauran sunayen ka bar su yadda suke. Waɗanda suka san mu sun riga sun san labarin, waɗanda ba su san mu ba kuwa sunan ba zai ƙare su da komai ba.

Uwarmu Bamagujiya ce, daga wani ƙauyen Maguzawa da ke bayan Toranke, a yankin Ajingi. A aurenta na fari ta haifi Larai. Da mijin ya mutu sai ta musulunta, ta auri mahaifina a nan Gaya, ta haife ni. Larai kuwa dangin ubanta suka riƙe ta, a can ta tashi, a can ta yi aure, kuma har yau ba ta taɓa kai goshinta ƙasa ba. Ni kuma aka kama ni aka sa a makarantar boko, a zamanin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an zo ɗaukar yara. Na yi elemantare, na yi makarantar Midil a birni, na yi kwas na koyarwa. Ba a taɓa kiran sakamako aka tsallake mutum uku kafin a zo kaina ba. Ba alfahari nake yi ba, alfaharin me kuma, ina faɗa ne don ka san daga inda na faɗo.

A waccan shekara ina koyarwa a wata makaranta a ƙasar Gaya. Hedimastanmu zai huta, kuma an riga an faɗa mini da baki cewa ni zan gaje shi. Aka sa ranar da masu duba makarantu za su zo, tare da wasu manyan gari da liman, a ga makarantar a tabbatar da maganar. Ban san wanda ya kai labari ƙauyen su Larai ba, ina jin a kasuwa ta tsinta. Abin da ya isa kunnenta shi ne za a naɗa ƙanenta sarkin makaranta. A wurinsu kuwa ba a naɗi babu guɗa, babu akuya, babu abin sha. Baƙi suna zaune a inuwa, yara suna layi, ni ina tsaye da farar rigata da na wanke na kai aka buga, sai muka ji guɗa daga bakin shinge. Ga Larai a gaba da ɗaurin ƙirji, kafaɗa a waje, ga mata a bayanta, ɗaya tana jan akuya, biyu suna ɗauke da tulunan giya, kumfa na zubowa a kan gammo. Ta ratsa layin yara tana kirana da sunan da uwarmu take kirana da shi ina goye, ta dire tulu a gaban liman, ta ce a ba manya su fara.

Babu wanda ya yi mini faɗa. Da ma an yi, da ya fi. Liman ya ja bakin rawaninsa ya rufe hanci, baƙi suka duba rajista suka tafi. Bayan 'yan makonni aka ba wani muƙamin, yaron da ni na koya masa riƙe alli. Yara suka sa mini suna Malam Tulu, sunan ya bi ni duk ƙauyen da aka jefa ni, kuma an jefa ni da yawa. Ina malamin aji na fara, ina malamin aji na karɓi fansho. Waɗanda nake gyara wa Turanci a Midil yau suna Kaduna da Ikko, ana buɗe musu ƙofar mota.

Na san abin da za ka ce, don kowa shi yake cewa: ba da mugun nufi ta yi ba. Na sani. Ta tako wannan tafiya a ƙasa, akuyar ma ta gidanta ce. Amma wanda ya taka ka da gangan da wanda ya taka ka bisa kuskure, ƙafar da ke ciwo ɗaya ce. Tun ranar ban sake yi mata magana ba. Da uwarmu ta rasu ta zo ta zauna cikin mata, ban ɗaga kai na dube ta ba. Matata Hanne ce take leƙa su in an yi haihuwa ko mutuwa, ni kuma ina yin kamar ban sani ba. Sha'anin mata ne, na bar su da shi.

Ɗa ɗaya Allah Ya bar mana, Datti. Ya shiga soja ba da son raina ba, ya tafi yaƙi, bai dawo ba. Matarsa ta yi aure a Zariya, ta bar mana 'yarsu Rahmatu tana tafiya da kyar. Ni na koya mata baƙi da wasali a kan tabarmar zaure, kafin ta shiga aji ɗaya tana karanta rubutun jikin gwangwanin madara. Da yamma tana zuwa Islamiyya. Yarinya ce mai tambaya, tun daga asuba har a kwanta. Me ya sa jaki ba ya ƙaho, wa ya fara haƙa rijiyar unguwarmu, in Turawa sun tafi me ya sa har yanzu ake jarrabawa da harshensu. Hanne takan ce ta cika surutu. Ni ban taɓa gajiya ba. Na shekara talatin ina jiran ɗalibin da zai tambaye ni abin da ba ya cikin littafi, sai da na bar aikin Allah Ya kawo mini shi cikin gidana.

Ban taɓa gaya mata ina da yaya ba. Abin da ta sani game da Maguzawa shi ne abin da kowane yaro ya sani a nan: arna ne, suna shan giya, suna tsafi, ba a cin abincinsu. Ni ma na faɗa mata haka, ba sau ɗaya ba.

A bazarar da ta wuce aka kwantar da ni a asibiti a birni, aka cire mini yana a idon dama. Wani tsohon ɗalibina ne ya yi jinyata, don ba a barin mata su kwana a ɗakin maza. Ina can mijin Larai ya mutu. Hanne ta shirya zuwa gaisuwa, ba ta da wurin da za ta bar yarinya, sai ta tafi da ita. Abin da ya faru a can a gutsure na same shi, wani daga bakin Hanne bayan na matsa mata, wani daga bakin yarinyar tun kafin ta gane ba na son ji.

Suna isa suka tarar ana kiɗa a gidan mutuwa, ana sha, karnuka suna yawo a tsakar gida, mata suna gardama da maza murya a sama. Rahmatu ta ƙanƙame zanen Hanne ta ƙi saki. Da Larai ta miƙo hannu za ta taɓa kanta, sai ta kauce, ta goge wurin da hannun ya kusa taɓawa. Ta ƙi gaida kowa. Ta ƙi ruwansu, ta ƙi tuwonsu, sai ɗan ƙuli-ƙulin da Hanne ta ƙulle a bakin zane. Ta kwana da yunwa, washegari ma ta wuni haka, tana kuka a hankali tana tambayar Hanne ko wanda ya kwana a gidan arna sallarsa tana karɓuwa. Ni da na ji wannan ɓangaren na ce madalla, tarbiyya ta yi amfani.

Larai ba ta lallashe ta ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta aiki ɗanta Kabo kasuwar Toranke ya sayo sabuwar tukunyar ƙasa ƙarama, da sabuwar ƙwarya da ludayi. Ta sa aka kira wani Bafillace maƙwabcinsu mai suna Hamma, Musulmi, ya yanka kaza a gaban yarinyar, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda za ta ji. Aka haɗa murhu daban a gefen katanga. Larai ta zauna nesa kaɗan, ta ce wa yarinyar ta wanke tukunyar da hannunta, ta ɗebo ruwa da kanta daga rijiya, ta tsaya a kan girkin har ya nuna. Ta ce mata wannan tukunya tata ce, giya ba ta taɓa shiga ba kuma ba za ta shiga ba, babu mai taɓa ta sai ita da Hanne. Yarinya ta ci. Ashe haka suke yi wa duk Musulmin da ya sauka a gidan, har uwarmu ma in ta kai ziyara tana da tata tukunyar a rataye. Ban sani ba. Ban taɓa zuwa ba balle in sani.

Daga nan abin ya fara sauyawa. Larai ta sa aka share mata wuri a bayan rumbu don sallah, aka kori karnuka daga nan. Ita ce ma take duban inuwa ta ce mata tashi, lokacin mutanenku ya yi. Akwai wata tsamiya a bayan gida inda suke yanke-yankensu na tsafi. Yarinyar ta hango jini da gashin kaza a gindinta, ta rugo a tsorace. Larai ta ce mata can ba wurinta ba ne, kada ta sake zuwa, kada ma ta kalla. A rana ta gaba yarinyar ta lura tsohuwar tana da wushirya irin tata, kuma in za ta yi dariya tana kama kunnenta na hagu, yadda nake yi. A nan Hanne ta gaya mata ko wace ce.

Ka san yaro. Da ta ji jininta ce, sai ta ɗaura aniyar ceto ta. Ta zaunar da tsohuwa mai shekara saba'in za ta koya mata Fatiha. Larai ta bi ta baki kaɗan don ta faranta mata, sannan ta yi dariya ta ce icen da ya bushe ba ya lanƙwasuwa, ta bar ta ta mutu a kan abin da ta tarar. Hanne ta ce yarinyar ta yi kuka ranar fiye da kukan yunwar. Ta ƙi kula tsohuwar har yamma. Can sai ta tashi da kanta ta je ta zauna kusa da ita tana taya ta ɓarar gyaɗa, ta ce wa Hanne ta yanke shawara: za ta riƙa yi mata addu'a bayan kowace sallah, kuma za ta riƙa ci a tukunyarta, sauran na Allah ne. 'Yar shekara tara ke nan. Da za su taho Larai ta naɗe tukunyar a tsumma ta ba ta, ta ce ta riƙa zuwa da ita.

Na dawo daga asibiti ban san komai ba. Hanne ta ɓoye tukunyar a bayan jeren kwanoninta. Amma bakin yaro ba ya ɓoyuwa. Ta fara tambayata ko wanda ba ya sallah yana iya zama mai kirki, na ce yana iya, amma ba ya amfane shi. Ta tambayi malaminsu na Islamiyya ko ana gaida kakar da ba Musulma ba, ya ce ta tambaya a gida. Wata rana na ji tana niƙa tana rera wata waƙa. Waƙar uwata ce, rabona da jin ta tun ina da ƙuruciya. Na kira Hanne, ta faɗa mini. Na yi faɗa, na ce kada a sake, na ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Kabo yakan zo kasuwar Gaya sayar da dawa, da karnukansa biyu a bayan jaki, da warin abin da ya sha tun safe. An aiki Rahmatu sayen daddawa, ta hango shi, ta je har gabansa ta durƙusa ta gaishe shi a tsakiyar kasuwa, ta kira shi Baba. Ya ba ta rake. 'Yan ajinsu sun gani. Kafin sati ya zagayo sunanta ya koma jikar arna. Da farko dambe take yi, sau biyu tana dawowa da riga a yage. Daga baya ta daina. In sun faɗa sai ta ce musu e, kakarta ce, tana da rumbu huɗu, kuma ita ke tashinta sallah. Maƙwabciyarmu ce ta kawo mini wannan labari, tana faɗa tana kallon fuskata don ta ga yadda zan yi.

Malam Bappa, na shekara ashirin da biyu ina binne abin nan. Na ƙaura unguwa saboda shi. Yaran da suka san Malam Tulu sun girma sun watse, na fara samun waɗanda ke gaishe ni ba tare da murmushi a gefen baki ba. Sai ga jinina a tsakiyar kasuwa tana tono shi da hannunta, tana murna. Na kira ta zaure na ce daga yau babu ita babu mutanen nan. Sai ta ce, "Malam, kai ka ce ƙarami ke zuwa gaida babba. Ita ce babba. Me ya sa ba ka zuwa?"

Ban amsa ba. Na shiga ɗakin Hanne na lalubo tukunyar, na fito da ita tsakar gida na sake ta a kan dutsen niƙa. Ban daki yarinyar ba, ban taɓa dukanta ba. Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta tsince tsingaron ɗaya bayan ɗaya ta zuba a ƙwarya, ta share wurin don kada wani ya taka.

Yanzu Kabo ya aiko cewa Larai ta faɗi a bakin rijiya, ƙugu ya karye, ba ta tashi. Tana roƙon a kai mata yarinyar in an yi hutun makaranta. Ni ba ta ambace ni ba, kuma ban yi tsammani ba. Na ce a'a.

Ka faɗa mini inda na yi kuskure, in akwai. Gida ne da ake shan giya a gaban yara, ana yanka wa tsamiya kaza. Yau sun saya mata tukunya, gobe wa ya san abin da za ta saba da shi? Ita mace ce, marainiya, ba ta da uba ba ta da dukiya, sunanta kaɗai take da shi. Na san abin da suna yake yi wa mutum a garin nan, da jikina na sani. Nan da 'yan shekaru wani zai zo nemanta, danginsa su yi bincike, a ce ai ita ce mai durƙusa wa arna a kasuwa. Ni ba zan kasance ba a lokacin. In ban tsare ta yanzu ba, wa zai tsare ta? Amma na gaji, Malam Bappa. Na gaji da fushin, na gaji da tsaron, ban kuma san yadda ake ajiye abin da aka ɗauka tun ana da ƙarfi ba.

Yarinyar ba ta yi mini rashin kunya ba. Tana kawo mini ruwan alwala, tana durƙusawa, in na ce ta karanta mini jarida saboda idona tana karantawa tiryan-tiryan kamar a gaban mai duba makarantu, ta ninke ta ajiye ta tashi. Makon da za a buga wannan wasiƙa, wani zan nema ya karanta mini. Tun ranar da na fasa tukunyar nan ba ta sake tambayata komai ba.

Tsohon Malamin Aji,
Gaya.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Irinku ne suka koya mana riƙe alƙalami, don haka ka yi haƙuri ɗalibi zai yi wa malami magana kai tsaye.

An cuce ka a 1953, ba na musun wannan, kuma ba zan ce maka ka manta ba. Aikin rayuwar mutum ba abin wasa ba ne. Sai dai ka sake duban ranar. Larai ta kawo tulu, gaskiya ne, amma ba ita ta riƙe alƙalamin da ya tsallake sunanka ba. Waɗanda suka zauna a inuwa sun san ƙwazonka, sun ga aikinka, suka auna shi da tulu biyu suka ce tulun ya fi nauyi. Su ba ka da yadda za ka yi da su, sai ka ɗora kayan duka a kan wadda hannunka ke iya kaiwa. Yafe mata ko rashin yafewa tsakaninka da Ubangijinka ne, ban sa baki ba. Abin da na sa baki a kai shi ne yarinyar, don ita ba ta nan a waccan rana.

Tsoronka ba na banza ba ne. Gidan da ake sha ba wurin sakin yarinya ba ne ita kaɗai, kuma Hanne ta yi kuskure da ta ɓoye maka tafiyar. Amma ka karanta wasiƙarka da kanka. Wa ya hana Rahmatu zuwa gindin tsamiya? Wa ya nemo Musulmi ya yi yanka? Wa ke duba mata inuwa? Iyakar da kake son a tsare, tsohuwar nan ta tsare ta tun ba ka roƙa ba. Yarinyar kuma ta je da sallarta ta dawo da sallarta, har ta yi ƙoƙarin raba wa wasu. Addininmu bai hana kyautata wa ɗan'uwan da ba Musulmi ba. Abin da ya hana shi ne bin sa cikin bautarsa da cin abin da bai halatta ba. Ka sami malamin da ka yarda da iliminsa ka tambaye shi ku biyu, ba a gaban jama'a ba, za ka ji haka.

Maganar bakin mutane kuwa, ba zan yi maka ƙarya in ce ba ya ciwo ba. Mai yiwuwa wani gida ya ja baya saboda wannan wata rana. Amma asalin ba ya gogewa don an daina gaisuwa a kasuwa, masu bincike za su tono shi ko ta durƙusa ko ba ta durƙusa ba. Bambancin shi ne yadda za su same ta, tana sunkuyar da kai ko tana duban su. Kai ka gwada ɓoyewa, ka san kuɗinta. Ita ta gwada cewa e, kuma ka lura rigarta ta daina yagewa.

Jikarka ta yi aikin da ke gagarar manya. Ta ji tsoro, ta yi ƙyama, ta yi ƙoƙarin sauya mutum ta kasa, sannan ta gano ana iya riƙe addini da hannu ɗaya a riƙe dangi da ɗayan ba tare da an saki ko ɗaya ba. Ba a ƙauyen Larai ta koyi tunani irin wannan ba, a kan tabarmar zaurenka ta koya. Kuma ina ganin ba don tukunya ta daina tambaya ba. Ta yi maka tambaya, ba ka amsa ba, yaro mai tarbiyya kuwa ba ya ɗora wata a kan wadda babba bai amsa ba. Jira take.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka zaunar da ita ka amsa. Ka ba ta labarin ranar yadda ka ba ni, da akuyar, da guɗar, da sunan da aka sa maka, da abin da ka rasa. Kada ka tsaya neman ta ba ka gaskiya, ka dai bari ta san ciwo ne ya sa, ba ƙinta ba. Ranar kasuwa ka kama hannunta ku je wurin masu tukwane, ka tsaya gefe ta zaɓa, ka biya. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, za ta gane.

Sannan ka bar ta ta je, da sharuɗɗanka: tare da Hanne, kwana kaɗan, ba lokacin bikinsu ba, kuma ba a raba su wurin kwana. Kada ka jira hutun makaranta. Tsohuwar da ƙugunta ya karye ba ta bin kalandar makaranta, in kuwa ta mutu yarinyar ba ta gan ta ba, wannan shirun da kake kuka da shi zai zauna a gidanka har ƙarshen kwananka. Ka nemi izinin kwana biyu a wurin malaminta, ai ka san yadda ake rubuta takardar.

Kai kuma ban ce dole ka je ba. Ka raka su tasha, ka ba da goro a kai wa mara lafiya, ko da ba ka ce daga wa ba. In ka tsaya a nan, ka yi abin da ya wajaba. In kuma ƙafarka ta hau motar, babu wanda zai tambaye ka dalili sai mutum ɗaya, ita kuwa tambayarta kake nema.

Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya ba Larai sauƙi Ya shirye ta, Ya jiƙan Datti, Ya raya Rahmatu Ya sa ta zama sanyin idonku kai da Hanne. Ka gaida mini Hanne da kyau, ta ɗauki nata kayan ita ma.

Naka,
Bappa